Kwana Tara da Jiniya Ta Yi Barci

Dogo ake ce masa a wurin aiki. Shi ke kan injin yankan takarda a wata ƙaramar maɗaba'a da ke ƙasan bene, tsakanin shagon mai gyaran fanka da na mai sayar da tayoyi. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye gaban wuƙar da faɗinta ya kai na ƙofar ɗaki, yatsunsa kuwa goma cif, abin da ba kowane mai wannan sana'a ke iya nunawa ba. Mutum ne mai sanyin hali, ba hayaniya, ba yawo. In an tashi aiki, sai gida.

Matarsa ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata, har shi. Sun yi shekara huɗu shiru, sai a ta biyar Allah ya ba su 'ya mace. Ɗaki ɗaya suke haya a hawa na biyu na wani dogon gida mai ƙofofi takwas suna kallon juna, banɗaki biyu a ƙarshen baranda. Bangon gidan kamar kwali yake, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka.

Sati biyun farko yarinya lafiya lau, ta sha ta kwanta. A na uku ta buɗe baki. Da zarar rana ta karkata sai ta fara: ta dunƙule hannu, ta naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuskar nan ta yi jawur, ta yi ta tsala kuka har murya ta dushe, ta huta minti goma, ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka har gab da asuba. Wani direban tasi da ke ɗaki na shida ne ya laƙaba mata Jiniya, sunan kuwa ya bi ta. Da farko Auta ta ji haushi, daga baya ita ma ta kama.

Suka kai ta asibitin unguwa. Wata dattijuwar nas ta duba ta ciki da bai, ta ɗora ta a sikeli, ta ce ba abin da ke damunta sai murɗawar ciki irin ta jarirai.

"Zai wuce," in ji ta. "Wata uku, wata huɗu, za ku nemi kukan ku rasa. Kafin nan, ku riƙa yin abu ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Wanka da ruwan ɗumi da yamma. Ki ba ta nono, ki ɗora ta a kafaɗa sai ta yi gyatsa. A rage haske, a kashe rediyo. Ki naɗe ta a mayafi mara nauyi, ki kwantar da ita rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarkace a gefenta. Kai kuma Malam," ta juyo gare shi, "ka riƙa karɓarta. Uwa ma mutum ce. Amma ku ji ni da kyau: ban da nono, kar ku ɗiga mata komai a baki. Ko ruwa."

Ba abin da suka bari. Auta ta rubuta tsarin a bayan kalanda ta manna a bango. Dogo ya kwaso ragowar kwali daga wurin aiki ya toshe taga. Kullum bayan an yi wa Jiniya wanka ta sha nono, sai ya karɓe ta ya yi ta zagaya ɗakin, taku huɗu zuwa ƙofa, taku huɗu zuwa gado, Auta kuma ta samu ta je ta watsa ruwa. Da rana kuwa akwai tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu, wadda duk gidan ke kira Kaka. Ita kaɗai take zaune, ɗanta na can wani gari yana aiki. Takan ƙwanƙwasa da azahar ta ce, "Kawo min kishiyar tawa mai maƙogwaron nan, ki ɗan runtsa." Sai ta zauna da ita a kan tabarmarta tana jijjiga ta a cinya, awa guda, wani lokaci biyu.

Duk da haka kuka bai fasa ba. Sati biyar suka yi a haka. Auta ta rame, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Wata rana Dogo ya dawo ya tarar da ita tsaye a tsakiyar ɗaki da tukunya a hannu, ta manta abin da za ta yi da ita. Shi kuwa ya fara jin kukan ko a inda babu shi: a ƙarar injin, a ƙugin birkin mota, a ruwan famfo.

Injin Dogo tsoho ne. Akwai ƙarfen da ke saukowa ya danne takarda in an taka feda, sannan a ja hannu wuƙa ta biyo baya. Wata Talata da hantsi, yana gyara bakin tulin takarda da hannun hagu, sai idonsa ya rufe. Bai fi ƙiftawa biyu ba. Ƙafarsa ta sauka a kan feda, ƙarfen ya danne masa ɗan yatsa. Da ya farka, hannunsa na dama na kan abin jan wuƙa. Farcen ne kawai ya fashe, ya yi baƙi, amma ya daɗe zaune a kan kwalin takarda yana kallon wuƙar. Kwana biyu bayan nan ya yanke katin gayyata ɗari biyar a karkace, rubutun gefe duk ya tafi. Maigidansa bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kati ɗaya ya juya shi, ya ajiye.

"Dogo, ni ba katin ne ya dame ni ba. Ba na son ranar da zan kwashi hannunka a leda in kai wa matarka. Ka je ka san yadda za ka yi ka yi barci, in ba haka ba sai in ɗora wani a kan injin nan."

Da aka fita cin abinci, abokin aikinsa mai injin bugawa ya zauna kusa da shi. Tawada ake kiransa, saboda ko ranar hutu ba a ganin ainihin launin hannunsa.

"Kai ma dai da wahalar da kai," in ji Tawada. "'Ya'ya biyar na raina a ɗaki ɗaya. Ka taɓa ganin na zo nan ina gyangyaɗi?"

"To ya ka yi?"

"Akwai maganin mura na yara, na ruwa, mai zaƙi. Ɗan ɗigo a bakin cokali. Sai dai kai ka tashe ta da safe."

"Nas ta ce ko ruwa kar a ba ta."

Tawada ya kwashe da dariya. "Nas ɗin a ɗakinku take kwana?"

Dogo ya tashi ya koma kan injinsa. Amma ranar da yamma bai sauka a inda ya saba sauka ba, ya wuce tasha biyu gaba, inda ba wanda ya san shi, ya shiga wani kemis. Ya faɗi sunan maganin. Mai kemis ya ɗauko kwalbar, bai sake ta ba tukuna.

"Shekarar yaron nawa?"

"Uku," in ji Dogo.

"To ba laifi. Wanda bai kai shekara biyu ba ba a ba shi."

A cikin mota ya ciro kwalin yana dubawa. Abin da ya fara lura da shi, an yanke gefen kwalin ba daidai ba. Sannan ya karanta rubutun, ya ga abin da mai kemis ya faɗa a rubuce da jan layi a ƙarƙashi. Ya karanta sau biyu. Ya ce a ransa, ai ba cokali zai cika ba, ɗigo ne, kuma na kwana biyu ne kawai, ya samu ya dawo hayyacinsa. Da ya sauka ya yar da kwalin a kwata, da ya isa gida ya tura kwalbar cikin tsohon takalminsa na aiki da ke ƙarƙashin gado.

Ranar, da Auta ta ɗauki bokiti ta nufi banɗaki, ya zauna a bakin gado da Jiniya a cinyarsa. Ya ɗiga maganin a ƙaramin cokalin shayi, ya sa a gefen bakinta. Ta yamutsa fuska, ta tsotsa, ta haɗiye. Ya wanke cokalin, ya goge mata leɓe da gefen rigarsa. Kafin Auta ta gama shafa mai, kuka ya koma ƙunƙuni. Can sai shiru.

Awa shida ta yi. Auta ta tashi sau uku tana kara kunne a ƙirjinta. Shi kuwa ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin haihuwar.

Da safe Auta har da hawaye. Ta kira yayarta a waya, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana ba ta labari. "Yaya, wallahi tsarin nas ɗin nan ya kama! Sai da na tashe ta!" Da ta ajiye wayar ta dubi Dogo tana murmushi, irin wanda ya kwana biyu bai gani ba. "Ni na san sirrin. Hannunka ne. Ashe 'yar baba ce, ni wahalar banza nake yi."

Ya yi dariya, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi.

Kwana biyun da ya ɗiba wa kansa suka zama huɗu. Gidan ya yi tsit. Direban tasi ya tare shi a matakala ya ce, "Malam Dogo, an cire wa Jiniya batir ne?" A wurin aiki hannunsa ya dawo daidai, maigida ya daina leƙowa. Auta ta fara murmurewa, ta yi kitso, har waƙa ya ji tana yi tana wanke kwanuka. Duk sanda zuciyarsa ta tuna masa da jan layin nan, sai ya dubi fuskar Auta ya ce wa kansa gobe zai daina.

Sai dai yarinyar ta canza. Ko da rana idonta a lumshe. In an sa mata nono sai ta ja sau uku, huɗu, ta saki. Kaka ce ta fara magana.

"'Yar nan, barcin nan bai kwanta min a rai ba," ta ce wa Auta, Dogo na ji daga ciki. "Jikinta ya yi laushi da yawa. Jariri ko yana barci, in ka taɓa tafin ƙafarsa zai janye. Ki mayar da ita wurin nas ɗin."

Auta ta amsa da to, amma da ta shigo ta rufe ƙofa sai ta ja tsaki ƙasa-ƙasa. "Tana kuka a yi magana, ta yi shiru a yi magana. Mutum ya rasa inda zai sa kansa."

"Rabu da ita," in ji Dogo. "Tsufa ne."

A kwana na shida ɗigon ya daina riƙe ta, ta farka tsakar dare. Ya ƙara kaɗan. A na tara ta tashi da mura, hanci a toshe, tun la'asar take kuka irin na da. Washegari kuwa akwai aikin littattafan makaranta dubu uku da za a yanka kafin azahar. Da Auta ta fita wanka ya ba ta, ta furzar, ya gangaro ta haɓarta. Ya tsaya da cokali a hannu, bai san nawa ya shiga ba, nawa ya zube. Ya ji ƙarar bokiti a baranda. Ya sake zubawa, da sauri, bai ko duba ba.

Ba kuka ne ya tashe su ba, ciwon nono ne ya tashi Auta. Gari ya riga ya waye, haske na shigowa ta gefen kwalin taga. Ta miƙa hannu ta ɗauki yarinyar, sai kan ya langaɓe baya kamar na 'yar tsana.

"Dogo. Dogo! Tashi ka gani!"

Leɓunanta sun yi toka-toka. Ya sa kunne a hancinta. Numfashi ɗaya, sannan shiru mai tsawo, har sai da ya ji nasa ya tsaya, sannan wani. Ko takalmi bai sa ba ya sauka da ita a guje. Direban tasi na wanke motarsa a ƙofar gida, ya dube su sau ɗaya ya jefar da tsumman ya buɗe ƙofa.

A babban asibiti aka karɓe ta daga hannunsa aka shige da ita. Ta gilashin ƙofa suka hango an sa mata wata roba a fuska, wani yana matsa jaka yana saki. Bayan kamar rabin awa likitar yara ta fito, wata siririyar mace mai tabarau, ta ja su gefe.

"Numfashinta na tsayawa yana dawowa. Mura kaɗai ba ta yin haka. Wannan yarinya an ba ta wani abu. Mene ne?"

"Wallahi likita ba abin da take sha sai nono," in ji Auta. "Ko ruwa ban taɓa ba ta ba."

"Ke fa, kina shan wani magani? Na barci, na ciwon jiki?"

"Ko ɗaya."

"Ba faɗa zan yi ba. In na san abin da ta sha, na san abin da zan yi da wanda ba zan yi ba. Wa ke riƙe ta ban da ke?"

"Babanta. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu."

Likita ta juyo da tabaraunta kansa. "Malam?"

Maganar na bakinsa. Ya ji ta a kan harshensa, da nauyinta. Sai ya ga Auta ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu, ta jingina da shi don kar ta faɗi. Ya girgiza kai.

"Zagayawa kawai nake yi da ita," ya ce.

Likita ta ɗan tsaya tana kallonsa, sannan ta koma ciki. Wata nas da ke wucewa da tire ta harari Auta ta ce, "Haka kuke yi. Ku ɗura wa yaro abu don ku samu barci, in ya ɓaci ku zo kuna rantsuwa." Auta ta zame ta zauna a ƙasa, gaban rigarta ya jiƙe da nono, ta yi ta cewa ita ba ta yi komai ba. Dogo na tsaye a kanta, ƙafa ba takalmi, yana kallon tayil.

Wajen ƙarfe goma Yaya ta iso. Mace ce mai jiki da murya, shugabar masu dafa abinci a wata makarantar kwana, ta saba a yi abin da ta ce. Ta ji bayani sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Tsohuwar nan ce. Su da jiƙe-jiƙensu. Awa biyu tana kulle da yarinya a ɗaki, wa ya san abin da take ɗura mata?"

"Ita ce ma ta ce barcin bai yi mata ba," Auta ta faɗa a hankali. Sai kuma idonta ya buɗe. "Ta san abin da ta yi ke nan. Shi ya sa."

"Tashi mu je," Yaya ta ce wa Dogo. "Ka ɗebo musu kaya, ni kuma in ga abin da ke ɗakin matar nan."

Suka kama hanya. Yana ta faɗa wa kansa cewa in sun isa zai hana ta, zai ce a bari a ga abin da gwaji zai nuna. Da suka isa bai hana ta ba. Kaka na zaune a bakin ƙofarta tun safe tana jiran labari. Tana ganinsu ta yunƙura da kyar.

"Ya jikin 'yar? Ta farfaɗo?"

"Ke za a tambaya!" in ji Yaya, ta ture ta ta shige ɗakin. "Me kika ba ta? Fito da shi!"

Ta ɗaga katifa, ta zazzage jakar da ke rataye a ƙusa, ta buɗe kwanuka. Ƙofofi suka fara buɗewa, mata suka fito da yara a hannu. Yaya ta fito da wata leda ta juye ta a baranda: ƙwayoyin hawan jini, man zafi na gwiwa, wani ƙullin ganye busasshe.

"Wannan fa? Wannan na mene ne?"

"Na shayina ne," in ji Kaka. Muryarta ba ta tashi ba. "'Yata, ni na haifa, na kuma binne. Ba zan ba jaririn mutane komai ba."

Wata daga cikin matan ta ce ai ita ma ta taɓa barin ɗanta a wurinta ya dawo yana gudawa. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Kaka ba ta dubi kowa ba sai Dogo. Ba kallon tuhuma ba ne. Kallo ne na wadda ke jiran wanda ya san ta ya ce wani abu.

Ya juya ya shiga ɗakinsu ya turo ƙofa. Shimfiɗar yarinyar na nan yadda aka bar ta, da ɗan lotsawar da kanta ya yi. Ya durƙusa ya jawo takalmin. Kwalbar ta yi ƙasa fiye da yadda yake zato. Ya zauna a ƙasa riƙe da ita, yana jin muryar Yaya ta bango, yana jin an fara cewa tsohuwa ta sa mayafinta ta biyo su. Bai san minti nawa ya yi ba. Ya tashi ya buɗe ƙofa.

"Yaya, ki kyale ta." Ba wanda ya ji. Ya ɗaga murya. "Yaya! Ki kyale baiwar Allah nan. Ga shi. Ni ne."

Yaya ta dubi kwalbar, ta dube shi. Ya zaci za ta mare shi, ya ma so ta mare shi. Ba ta yi ba. Ta karɓi kwalbar da yatsu biyu ta jefa a jakarta.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Kana tsaye likita ta tambaye ka."

Yaya ta wuce shi ta nufi matakala. Kaka kuwa ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo tana tsince ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya zai taya ta, ta ce, "Bar shi. Je ka wurin 'yarka."

A asibiti likita ta ɗaga kwalbar a hasken taga ta ga inda maganin ya tsaya. Ta yi masa tambayoyi a taƙaice: sau nawa, da wane cokali, ƙarfe nawa jiya. Ta rubuta, ta ba nas umarni, ta juya za ta tafi.

"Likita," ya ce. "Da na faɗa tun da safe, da..."

"Da ya fi," ta ce. "Nawa ya fi, ban sani ba. Amma ba zan ce maka bai yi komai ba."

Auta na zaune a benci a ƙarshen baranda tana fuskantar ƙofar ɗakin da aka kwantar da yarinyar, Yaya ta riga ta gaya mata. Ya je ya tsaya a gabanta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa.

"Ina nake lokacin da kake ba ta?"

"Kina wanka."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ina can ina cewa Allah ya ba ni miji." Ta ja mayafinta ta rufe ƙirjinta. "Matsa daga gabana, Dogo. Kana tare min ƙofar."

Yarinyar ta rayu. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti, huɗu daga ciki inji ke taya ta numfashi. Wata jami'a mai kula da walwalar yara ta zo ta zauna da Dogo, ta rubuta bayaninsa shafi biyu, ya sa hannu. Ranar sallama likita ta zaunar da su ta ce akwai lokacin da iska ba ta isa ƙwaƙwalwar yarinyar yadda ya kamata ba, a daren ko da safiyar. Abin da hakan ya taɓa, ba mai iya faɗa yanzu. Sai ta fara girma za a gani: riƙe wuya, zama, rarrafe, magana.

Daga asibiti gidan Yaya Auta ta wuce. Ba ta nemi takardar saki ba, ba ta kuma ce ga ranar dawowa ba. Yaya ce ta aiko aka kwashi kayanta da na yarinyar.

Kaka ba ta ƙara wata guda a gidan ba, ɗanta ya zo ya tafi da ita. Ana gobe za ta tafi Dogo ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta. Ta bar shi ya gama.

"Na yafe maka, ɗana," ta ce. "Rashin barci hauka ne, na sani. Amma ka ga tun ranar, ko jikar mai ɗaki na uku aka miƙo min sai in ji hannuna ya ƙi. Wannan kam ban san wa zai gyara min shi ba."

A wurin aiki Tawada ya daina zama kusa da shi. Sau ɗaya kawai ya tare shi a bakin famfo ya ce shi fa nasa biyar ga su nan garau, kuma shi ɗigo ya ce, bai ce cokali ba. Dogo ya ce haka ne, ya ci gaba da wanke hannu.

Ta bakin Yaya ya ji cewa kukan yamman ya dawo bayan sallama, ya yi sati uku, sannan wata rana ya ɗauke da kansa, ba wanda ya yi komai. Yanzu tana kwana lafiya, ta farka sau biyu ta sha ta koma.

Wuyan ne bai zo da wuri ba. Tana wata bakwai kanta na rinjayarta, hannun dama kuma a dunƙule yake, ba ta miƙa shi ta kama abu. Aka sa su zuwa ɗakin motsa gaɓoɓi duk Laraba. Dogo ya roƙi maigidansa rabin yini, aka ba shi. Yakan riga su zuwa ya kama musu layi. In sun iso ya gaida Auta, ta amsa, ya karɓi jaka. Jakar kawai.

Wata Laraba mai koyar da motsa jikin, wani mutum mai furfura da yawan barkwanci, ya kwantar da yarinyar a kan katifar roba ya ce, "Maman yarinya ta iya nata. Baba fa, kullum ɗan dako? Zo nan ka koya. Wannan aikin safe da yamma ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Dogo bai motsa ba. Ya dubi Auta. Ita kuma idonta na kan yarinyar, har mutumin ya fara duban su biyun. Sannan ta ja jiki gefe kaɗan, iyakar inda mutum ɗaya zai durƙusa.

Ya durƙusa. Yarinyar ta yi nauyi, ta yi gashi, ba ta san shi ba. Mutumin ya nuna masa yadda zai tallafi gwiwar hannun, ya buɗe 'yan yatsun ɗaya-ɗaya, ya miƙar a hankali ya ƙirga goma. Da ya miƙar ta fashe da kuka, ya saki da sauri.

"A'a, kar ka saki. Da ciwo, amma in ba a yi ba hannun zai ƙage. Sake."

Ya sake. Ya ƙirga goma tana kuka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Auta na tsugune dab da shi, ba ta ɗauke ido daga kansu ba ko sau ɗaya. Suka yi sau biyar a dama, sau biyar a hagu. Da aka gama ita ta ɗauke ta.

A bakin titi suka tsaya jiran mota, rana ta take. Motarsu ta zo, Auta ta karɓi jakar daga hannunsa ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta waiwayo.

"Sati mai zuwa ƙarfe tara suka ce, ba goma ba."

"To," ya ce.

Motar ta tashi. Ya tsallaka titi ya tsaya a ɗaya gefen, inda ake hawa ta zuwa wurin aiki.